Ruwan da Ya Fito ta Ɗakin Inna

A unguwar babu mai ce masa rafi. Kwata ake ce masa, kuma a wuri biyu kawai ake ganinsa: bayan tashar mota, inda kankaren da aka rufe shi da shi ya fashe, da can gangare wajen gadar jirgin ƙasa, inda yake fitowa daga bakin wani ƙaton kwalbati ya zube cikin babban kogi. Tsakanin nan da can kuwa a ƙarƙashin ƙafar mutane yake tafiya. Titi da shaguna da gidaje duk a kansa suke zaune, kuma da yawan masu kwana a wurin ba su ma sani ba.

Mai Gilashi ya sani, amma sanin bai taɓa hana shi barci ba. Shagonsa na bakin titi, gidansa na bayan shagon, ƙofa ɗaya ce ta raba su. A shagon akwai dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, nan yake kwantar da gilashi ya ja masa layi ya ɓalle shi, ƙas. Madubai na jingine a bango, manya a baya, ƙanana a gaba. Matarsa tana koyarwa a firamare, shi ya sa kowa ke ce mata Malama, har shi. 'Ya'yansu sun girma sun kama gabansu, ɗakin baya ya zama ma'ajiyar madubai.

A cikin zafin bazara aka kawo mahaifiyarsa daga garin da ta yi aure ta tsufa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin maganarta. Aka kwashe madubai aka tara a kusurwa, aka sa mata gado a ɗakin baya.

Ranar da mota ta shigo da ita layin, ta ɗaga kai ta dubi gine-ginen, ta dubi yadda titin ya gangaro ya lanƙwasa.

"Kai, ina ka kawo ni?"

"Gida, Inna."

"Na san gida ne. Ai nan aka haife ni."

Ya san a garin aka haife ta, amma ba ta taɓa cewa a wace unguwa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ba a jima ba Malama ta fara ƙorafin danshi. Kullum ta shiga da safe sai ta tarar da tayil ɗin ɗakin Inna da lema, kuma ba ko'ina ba. Layi ne mai faɗin tabarma, ya taso daga ƙarƙashin taga, ya lanƙwasa ta gaban gado, ya shige ƙarƙashin bangon da ke kallon tsakar gida. Ta goge, kafin rana ta yi tsaka ya dawo. Da farko ta zaci tsohuwar ce ke kasa riƙe fitsari tana jin kunyar faɗa, sai ta sunkuya ta shinshina. Ba wari. Ƙamshin yashi mai sanyi ne. Aka kira mai gyaran famfo, ya bi bututu kaf, ya ce babu inda ke yoyo. Maduban da ke kusurwa kuwa duk gindinsu ya yi raɓa, alhali a waje ko tsuntsu haki yake.

Sai kuma ƙarar. Maƙwabcinsa mai walda ne, ana ce masa Tartsatsi, kuma muddin akwai wuta ba ka jin komai a layin sai injinsa. Amma in aka ɗauke wuta da rana tsaka, layin ya yi tsit, sai Mai Gilashi ya riƙa jin wani abu daga ƙasa. Ba gudun ruwa ba ne, wannan ya saba da shi. Wannan kamar mutum ne zaune a bakin ruwa yana buga shi da tafin hannu. Fal, fal. A yi shiru. Fal, fal.

Ya kira Tartsatsi ya zo ya ji. Tartsatsi ya cire baƙin tabarau, ya kara kunne a ƙasa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Kwaɗi ne suka buɗe gidan rawa. Ka zura musu madubi ɗaya, wallahi suna ganin fuskarsu za su bar maka unguwar."

Tartsatsi ya yi dariya, amma bai tsaya shan shayi ba kamar yadda ya saba.

Inna ce ba ta damu ba. Tun da aka kawo ta ma sai ta fi walwala. Ta sa aka juya mata gado yadda za ta riƙa kallon layin danshin. In Malama ta riƙo ta za su fita banɗaki, suna zuwa wurin sai ta tattare zani da hannunta mai lafiya, ta ɗaga ƙafa, kamar mai tsallake ruwa.

Wata rana da la'asar Mai Gilashi ya shigo ya tarar tana magana ƙasa-ƙasa, ita kaɗai. Ya zauna a bakin gadon.

"Inna, da wa kike hira?"

Ta juyo ta dube shi.

"Da can babu duk wannan simintin. Rafi ne, ruwansa garau, kana ganin tsakuwa a ƙasa. Daga can tudu yake fitowa, inda na ga sun yi asibiti. Nan daidai ya yi gwiwa, ya yi yashi fari, nan mata ke wanki. Gidanmu na sama kaɗan." Ta nuna bangon da haɓa. "Ina da ƙanwa. Ba ka san ta ba, ba mu faɗa muku ba. Autarmu ce, ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba."

"Me ya same ta?"

"Mun zo wanki da babarmu, sabulu ya ƙare, babarmu ta tafi shanya can bayan bishiya, ta ce in ruga gida in ɗauko. Auta ta ce za ta bi ni. Na ce a'a, zauna nan, kada ki motsa har in dawo. Rana fes, ko ɗigon ruwa ba a yi a garin ba. Ashe a tudu aka yi. Ina fitowa da sabulun na ji ƙugi. Kafin in iso, wurin nan duk ya zama jan ruwa." Ta gyara kwanciyar hannunta na hagu a kan cinya. "An nema har kogi, ba a gan ta ba. A shekarar muka bar garin. Daga baya na ji an rufe rafin."

Mai Gilashi ya ce Allah ya jiƙanta. Inna ba ta ce amin ba.

"Yarinya ce mai jin magana," ta ce. "In ka ce ta zauna, to ta zauna ke nan."

Ya fita tsakar gida ya tsaya cikin rana.

Gab da faɗuwar damina ma'aikatan magudanar ruwa suka zo layin, suna ɗaga murafan ƙarfen da ke tsakiyar titi suna leƙawa da fitila. Shugabarsu wata injiniya ce, mace mai matsakaicin shekaru, sanye da dogayen takalman roba. Mai Gilashi ya yi ta maza ya gaya mata zancen danshin, ta ce a nuna mata.

Ta gaida Inna da ladabi, ta tsuguna ta bi layin da yatsa.

"Tsohuwar hanyarsa ce," ta ce. "Rafin daga bayan asibiti yake tasowa, ya bi ƙarƙashin tasha, ya ratsa filin makaranta. Asali nan ya lanƙwasa, daidai gidanku. Da za a rufe shi, sai aka miƙar da shi ya bi titi, aka cike gwiwar da ɓaraguzai, aka yi gini a kai. Amma yashin na nan a ƙasa, ruwa kuma bai daina bin sa ba."

"Haka ne, 'yar nan," in ji Inna. "Da kuka leƙa ciki, kun ga kowa?"

Injiniya ta yi 'yar dariya. "Leda dai da robobi, Mama."

A ƙofar shago ta tsaya ta rage murya. Ta ce kwalbatin ya cika da yashi da shara har kusan rabi, kuma tudun da a da ke shanye ruwan sama yanzu duk rufin kwano ne da kwalta, don haka ruwa zai riƙa gangarowa da sauri fiye da da. Sun nemi a kawo injin yashewa, amma ba ta san ranar zuwansa ba.

"In ka ga hadari ya haɗu a kan tudun can, ko da nan rana ake, ka fitar da tsohuwar nan. Kada ka jira."

Ta juya za ta tafi, sai ta dawo.

"Wani abu kuma. Daga tasha har kusa da nan, ruwan baƙi ne, yana wari. Daidai ƙarƙashin layinku sai ya yi garau, sanyi ƙalau, sannan gaba kaɗan ya koma baƙi. Ina jin idon ruwa ne ke ɓulɓulowa a wurin." Ta dubi murfin ƙarfen. "Ina jin dai haka ne."

Suka yi shawara da Malama a kai Inna gidan yayarsa har damina ta wuce. Inna ta ce ko gawarta ba za a fitar ba. Ta daina cin abinci sai da suka janye maganar. Aka yi ruwa na farko, aka yi na biyu, kwalbati ya shanye, hankalinsu ya ɗan kwanta.

Ranar da abin ya faru, Malama na makaranta. Rana ta take, sama fes a kan unguwar. Mai Gilashi na yanka gilashin taga, sai ya ji murfin ƙarfen da ke gaban shagon yana kaɗawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar murfin tukunya a kan wuta. Ya leƙo. Iska ce ke fitowa ta ramukan murfin tana fito. Ya ɗaga kai wajen tudu, ya ga can sama ta yi baƙi ƙirin kamar an zuba gawayi.

"Ruwa!" Tartsatsi ne ke ihu daga tsakiyar titi. "Ku fito, ga ruwa nan!"

Murfin ya yi tsalle ya kife gefe, jan ruwa ya yi tsiri sama ya fi tsayin mutum. Daga wajen tasha kuma wani na gangarowa, ya cika titin daga bango zuwa bango, yana turo bencina da tebura da wani babur.

Mai Gilashi ya banko ƙofar shago ya sa sakata, ya ruga ciki. Tsakar gida a bushe. Ya tura ƙofar ɗakin Inna.

Ruwa na fitowa ta tsakanin tayil, a hankali, ba ƙara, ya riga ya kai idon sawu. Ba ja ba ne irin na titi. Garau yake, har yana hango zanen tayil ɗin ta cikinsa. Inna kuwa na tsaye a tsakiyar ɗakin. Tun da ciwon ya same ta ba ta taɓa tsayuwa ba sai an riƙe ta. Hannunta na hagu, wanda kullum ke rataye kamar tsumma, ya miƙe ƙasa, ya ɗan buɗe daga jikinta, yatsun a dunƙule kamar sun kama wani abu.

"Ai ga ni na dawo," take cewa, tana kallon gefenta. "Na daɗe, ko? Yi haƙuri. Tashi mu je."

"Inna!" Ya sunkuya zai saɓa ta a kafaɗa.

"Kada ka ɗauke ni. In ka ɗauke ni ba za ta iya bin saurinka ba. Kama wannan hannun."

Daga shago ya ji ƙofa ta ɓalle, sai ƙarar gilasai suna zubewa, ɗaya na bin ɗaya. Ba lokacin gardama. Ya kama hannunta na dama, suka fita ta ƙofar baya zuwa lungu.

A lungun ruwa ya kai gwiwa, ja, yana ja da ƙarfi. Ya nufi dama, wajen titi, inda ya san hanya.

"Ba ta nan ba," in ji Inna. "Nan zurfi ne. Bi jikin bangon can, gaɓa ce."

Ya bi. Ƙafarta ta hagu na takawa kamar ba ta taɓa ciwo ba. Wani abu ya yanke shi a tafin ƙafa, gilashinsa ne da ruwa ya kwaso, bai ma tsaya ba. Ruwan ya haura gwiwa, ya kusa cinya. Suna cikin lanƙwasa wani lungu ya waiwaya don ya ga ko tana lafiya, sai idonsa ya sauka a gefenta na hagu.

Ruwan na rabewa a jikinsa, yana rabewa a jikin Inna, kamar yadda ruwa mai gudu ke yi in ya ci karo da mutum. A gefenta kuma, daidai ƙarƙashin dunƙulallen hannun, yana rabewa a wuri na uku. Ɗan ƙarami. Babu komai a wurin, ba turke, ba dutse, kuma yana tafiya tare da su.

Ya mayar da kansa gaba. Bai sake waiwayawa ba har suka fita.

Lungun ya haura da su zuwa matakalar wani bene inda mutane suka taru. Suna taka busasshiyar ƙasa ƙafafun Inna suka saki, ta zube a jikinsa. Aka taya shi kwantar da ita. Wata mata ta kama hannun hagun za ta gyara mata shi, ta sake shi da sauri.

"Wannan hannu kamar ƙanƙara! Ga shi duk ya yamutse kamar ya wuni a ruwa."

Mai Gilashi ya dubi yatsun. Ya ga hannun tun daga ɗaki, bai taɓa nutsewa ba.

Kafin faɗuwar rana ruwan ya janye, ya bar laka har rabin bango. Malama ta same su tana kuka, takalmi ɗaya a ƙafa. An rasa mutum biyu a wajen tasha. A shagon ko madubi ɗaya bai tsira ba. Tartsatsi ya tsinci injin waldarsa can wajen gadar jirgi, ya ce tun da ya saye shi injin bai taɓa fita yawon buɗe ido ba sai ranar. Yana faɗa yana share ido.

Hukuma ta ce layin ba zai sake zaunuwa ba. Za a rushe shi, a buɗe rafin daga filin makaranta har gada, a bar masa hanyarsa ta asali. Mai Gilashi ya kama haya a tudu, ɗakuna a hawa na biyu, ya samu wani ɗan shago a kusa ya fara daga farko. Inna ta koma yadda take, sai an ɗaga, sai an kwantar. Likita ya ce tsoro kan sa jiki ya yi abin da ba a zata ba, na ɗan lokaci.

Bayan damina ya bi ta tsohon layin, ya tarar an fasa kankaren. Inda ɗakin Inna yake, yanzu yashi ne fari da ruwa siriri yana lanƙwasa a kai. Injiniya na wurin da ma'aikatanta, ta ɗaga masa hannu, ta tambayi jikin Mama. Ya ga ya kamata tsohuwar ta gani. Washegari ya ɗauki mota ya kawo ta, aka tura ta a keken marasa lafiya har bakin gaɓa.

Ta dubi ruwan sama-sama, kamar mai kallon kayan da ba za ta saya ba.

"Ya ƙanƙance," ta ce. "Mu koma, rana na dukana."

"Na zaci za ki so ki ɗan zauna, Inna. Saboda ita."

"Wa? Auta?" Ta dube shi da mamaki. "Me za ta zauna yi a nan? Ai tare muka hau."

Suka koma gida. Da suka isa ya kwantar da ita, ya lura da abin da ya daɗe yana gani bai kula ba: can bakin gado take kwanciya, a takure, ta bar wajen bango fili.

Ya sami Malama a kicin tana yanka albasa, ya gaya mata abin da Inna ta ce, ya kuma gaya mata abin da ya gani a lungu, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta daina yankan ba.

"Na sani tun makon da muka tare," ta ce. "Kofi biyu take sa ni in kawo. In na dawo ɗauka, duka biyun babu komai."

"Kuma ba ki gaya mini ba?"

"In ce maka me? Ka ga ta taɓa wani? Ko cokali bai taɓa ɓata a gidan nan ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ni da nake wuni da yara sittin, ɗaya mai shiru ba za ta gagare ni ba."

Haka suka zauna. Ba su kira kowa ba, ba su gaya wa 'ya'yansu ba. Mai Gilashi ya koyi yin sallama kafin ya shiga ɗakin ko da ya san Inna na barci. Wani lokaci yana wucewa ya ji tana dariya, irin dariyar da bai taɓa jin ta yi ba tun yana yaro, sai ya rage sauri, sannan ya wuce.

Inna ta rasu da hantsi, cikin bazarar da ta biyo, ba tare da wani dogon ciwo ba. Da aka zo fita da ita, Malama ta buɗe ƙofar ɗakin ta tokare da kujera, ta buɗe ta falo, ta sauka ta buɗe ta ƙasa, ta ce kada wanda ya rufe ko ɗaya sai yamma. 'Yan'uwa suka zaci don zafi ne.

Mai Gilashi na saukowa a bayan masu ɗauke da mahaifiyarsa, matakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. A tsakiyar hawa ya tsaya, ya manna bayansa da bango, ya ɗan jira. Yayarsa da ke sama ta ce, "Lafiya? Wuce mana."

"To, Yaya," ya ce. Ya ƙara jira kaɗan, sannan ya sauka.